Darasin Lafiyar Iyali: Ido a Kan Waya, Cokali a Baki

A cikin ziyarar gida-gida da muke yi, akwai wata magana da ta fara yawa a bakin iyaye mata: "Yaron nan ba ya cin abinci sai an kunna masa waya." Wasu da dariya suke faɗa, kamar suna yabon wayon yaron. Wasu kuwa da gajiya suke faɗa. Mun ga abin da idonmu ba sau ɗaya ba. Uwa tana zaune a kan tabarma da kofin kunu a hannu, an jingina waya a jikin bokiti, katun yana ta tsalle-tsalle. Yaro ɗan shekara 2 ya ƙura wa wayar ido, bakinsa a buɗe. Cokali ya shiga, ya haɗiye, wani ya sake shiga. Ko sau ɗaya bai dubi kofin ba, bai kuma dubi uwarsa ba. Da caji ya ƙare sai ya rufe baki gam, kuka ya tashi.

Ba mu rubuta wannan darasi domin mu ga laifin uwar nan ba. Ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, kasuwa tana jiranta, ga kuma tsoron kada yaro ya rame a ce ba ta iya reno ba. Ta sami abin da ke sa kofi ya ƙare cikin minti 10, me zai hana ta riƙe shi? Ban da haka, abin sabo ne. Sai a shekarar 2001 wayar hannu irin ta yanzu ta fara aiki a Nijeriya, mai nuna bidiyo kuwa daga baya ta bazu. Kakanninmu sun bar mana shawara a kan yaye, da haƙori, da goyo, amma ba su bar mana ko ɗaya a kan wannan ba. Saboda haka bari mu duba tare abin da kallo yake yi wa cin abincin yaro.

Yaro ya san cikinsa

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa ƙaramin yaro bai san ƙoshi ba, sai babba ya auna masa. Ba haka ba ne. A shekarar 1991 wata mai bincike a Amurka, Leann Birch, da abokan aikinta sun auna duk abin da yara 15 'yan shekara 2 zuwa 5 suka ci har kwana 6. In aka duba ci ɗaya-ɗaya, sai a ga babu tsari: yau da safe ya ci da yawa, da rana ya ɗan taɓa ya ture. Amma da aka haɗa na yini guda, sai aka ga abin da kowane yaro ya ci yau bai yi nisa da na jiya ba. In ya cika ciki da safe, yakan rage da rana. Ashe akwai ma'auni a cikin jikinsa.

Ga yadda ma'aunin yake aiki. In ciki ya zama wayam, yakan fitar da wani sinadari da ake kira girelin, wanda yake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi. In abinci ya shiga, ciki ya buɗe, jijiyoyi da waɗansu sinadarai na hanji sukan aika da saƙo cewa ya isa. Akwai kuma na baki da ido da hanci. Kowa ya san lomar farko ta fi ta goma daɗi, ko da miyar ɗaya ce. Wannan raguwar daɗi ba laifin mai girki ba ne, hanya ce da jiki yake bi ya ce mana mu dakata. Amma duk saƙonnin nan a hankali suke magana. Sai mai ci yana sauraro zai ji su.

Waya da talabijin kuwa da ƙarfi suke magana. Launi yana canzawa, kiɗa yana tashi, kafin wani bidiyo ya ƙare wani ya fara da kansa. A shekarar 2007 masu bincike a jami'ar Buffalo ta Amurka sun gwada yara da abinci a gabansu. Waɗansu ba su kalli komai ba, waɗansu an yi ta maimaita musu ɗan guntun shiri ɗaya, waɗansu kuma suka kalli shiri mai ci gaba. Masu kallon shiri mai ci gaba su ne suka fi daɗewa suna ci, suka kuma fi ci. Muddin sabon abu yana zuwa wa ido, baki ba ya lura cewa ya gaji da ɗanɗanon da yake ji.

Wani ya ci ya wuce, wani ya tashi da yunwa

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin yawancin abin da ake rubutawa a kan wannan batu a ƙasashen Turai da Amurka a kan ƙiba ne. Tun a shekarar 1985 masu bincike biyu, William Dietz da Steven Gortmaker, suka nuna cewa yaran Amurka masu yawan kallon talabijin sun fi saurin yin ƙiba. Gaskiya ne, kuma ƙibar yara ta fara shigowa biranenmu. Amma babbar damuwarmu dabam take. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, masu ƙiba fiye da kima kuwa kashi 2 ne kawai. Mai karatu zai iya cewa, to, in kallo yana sa yaro ya ƙara ci, ai alheri ne a gare mu.

Ba kullum yake ƙara ci ba. A shekarar 2006 Lori Francis da Leann Birch sun ba yara 24 'yan shekara 3 zuwa 5 abincin rana, wata rana da katun a gabansu, wata rana babu. Yawancinsu sun rage ci a ranar katun. Hankalinsu ya tafi, hannu ya tsaya. Waɗanda suka ƙara ci su ne waɗanda suka riga suka saba da yawan kallo a gida. Abu ɗaya ne ya faru da su duka: ba ciki ne yake ba da umarni ba, allon ne.

Yanzu mu kawo wannan cikin gidajenmu, inda yara 4 ko 5 sukan zagaye kwano ɗaya. An kawo wuta da magariba, an kunna talabijin, an ajiye tuwo a tsakiyar ɗaki. Manyan yara sun iya kallo suna kai loma. Ƙaramin kuwa ya riƙe lomarsa ta farko a hannu, ido a sama, har miyar ta bushe a yatsunsa. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, balle mai daɗi. Kafin ya dawo hayyacinsa an suɗe kwano, ɗan naman da ke ciki ya daɗe da tafiya. Uwa ta zo ta ɗauki kwano babu komai, ta ce yara sun ci. Ba ta yi ƙarya ba, amma ɗaya daga cikinsu ya kwana da rabin ciki, kuma shi ne wanda ya fi bukata. In haka ta riƙa faruwa dare bayan dare, a katin awo za a gani.

Mu tuna cewa cikin ƙaramin yaro ƙarami ne ƙwarai. Yana ɗaukar kamar mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 8 ke nan ba zai wuce kofin shayi ɗaya a zama guda ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shan nono ɗan wata 9 zuwa 23 ya ci abinci sau 3 zuwa 4 a yini, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 in yana so. Wanda ya rasa ci ɗaya ba zai iya ramawa duka a na gaba ba, domin babu wurin zubawa.

Ɗura ba kuka

To, yaron da muka fara da shi fa, wanda uwa take ba shi a baki? Ai shi kofinsa yana ƙarewa.

Dukanmu mun san ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a tara hannu a bakinsa, a zuba kunu, yana kuka yana haɗiya. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna hana ta, domin kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. A ganinmu ciyarwa da waya ƙanwar ɗura ce, sai dai ita babu kuka, shi ya sa ba ta tayar wa kowa hankali. A duka biyun abinci yana shiga ba da sanin yaro ba.

Cin abinci abu ne da ake koyo, kamar tafiya da magana. Daga wajen wata 8 yaro yana iya ɗaukar ɗan dankali mai laushi ko ayaba ya kai baki da kansa. Yana matsawa, yana shinshinawa, yana shafa wa fuska, yana tofarwa ya sake ɗauka. Mu muna ganin ɓarna, shi kuwa makaranta yake. Yakan ɗauki yaro sau 8, sau 10, har fiye, yana ganin sabon abinci yana ɗanɗanawa kafin ya karɓe shi. Wanda idonsa ke kan waya bai ga zogalen ba, bai san kamannin wake ba. Abin da ya fi sauƙin zura masa shi ne mai ruwa-ruwa wanda ba ya bukatar tauna, sai uwa ta zauna a kan koko da shayi da burodi. Ga shi ya kai shekara 3 yana ƙin duk abin da ke da gari-gari ko ganye, a ce yaron mai zaɓen abinci ne.

Akwai kuma abin da uwa take rasawa. Juya kai, da rufe baki, da ture cokali, maganar yaro ce tun kafin ya iya magana. Wani lokaci ma'anarta "na ƙoshi". Wani lokaci kuwa ita ce alamar farko ta zazzaɓi, ko ciwon kunne, ko ƙuraje a baki. In waya ta rufe wannan magana, ciwon sai ya yi nisa kafin a lura. Tun a shekarar 2003 jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan ciyar da ƙananan yara ta ce a ciyar da su a hankali da haƙuri, a lallashe su amma kada a tilasta, a rage abubuwan da ke ɗauke musu hankali, a riƙa yi musu magana ana duban idonsu. Lokacin da aka rubuta wannan, wayar kallo ba ta shigo gidajenmu ba, amma kamar da ita ake.

Kada mu manta da ƙwarewa. Yaro mai dariyar katun da gyaɗa ko guntun nama a baki yana cikin haɗari, musamman in babban da ke kusa shi ma wayarsa yake dubawa.

Abin da allon yake sayarwa

Ga manyan yara, 'yan firamare, akwai wata ƙofa dabam, wato talla. A shekarar 2009 masu bincike a jami'ar Yale sun nuna wa yara 'yan shekara 7 zuwa 11 katun, da kwanon ɗan biskit a gefensu. Rabinsu an sa musu tallar kayan ciye-ciye a tsakiyar shirin, rabi kuma tallar waɗansu abubuwa. Waɗanda suka ga tallar abinci sun ci kashi 45 cikin 100 fiye da sauran. Abin lura shi ne, biskit ɗin da ke gabansu ba shi aka tallata ba. Tallar ba ta tsaya ga sa yaro son kaya kaza ba, kwaɗayin ci gaba ɗaya take tayarwa. Saboda irin wannan ne Ingila ta fara hana tallar abinci mai yawan sukari da gishiri da mai a shirye-shiryen yara tun shekarar 2007.

Ba mu taɓa ganin wanda ya sayi fili a talabijin domin ya tallata miyar kuka ko faten wake ba. Abin da ake nunawa shi ne lemon kwalba, da alawa, da biskit, a hannun yara masu tsabta da fara'a. Kwalbar lemo ɗaya mai gas takan ɗauki sukari kamar ƙaramin cokali 8 zuwa 9. Yaro ya sha wannan da la'asar, ya bi da biskit na leda, ciki ya cika. Da dare a kawo tuwo ya ce ba ya jin yunwa, kuma da gaskiyarsa. Kuɗin da aka kashe ya isa sayen ƙwai ko ƙosai. Abin da ya samu kuwa sukari ne, babu abin gina jiki, sai ruɓewar haƙori.

Barci ma yana cikin lissafi. Hasken allo da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, shirin kuma yana hana hankali kwanciya. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a shekarar 2013, an sa yara 37 'yan shekara 8 zuwa 11 su ƙara awa ɗaya da rabi a kan lokacin kwanciyarsu na mako guda, wani makon kuma su rage. A makon ƙarancin barci sun fi ci. A wurinmu abin da muka fi gani shi ne na safe: yaron da ya kai ƙarfe 11 yana kallon fim tare da manya ya tashi a makare, ba ya sha'awar koko, a ba shi kuɗin tara ya tafi makaranta, ya ƙarar da shi a teburin mai alawa.

In an rage, ana ganin bambanci?

Ana gani. A shekarar 1999 Thomas Robinson na jami'ar Stanford ya ba da rahoton aikin da ya yi da yara 192 a makarantun firamare biyu a garin San Jose na jihar Kalifoniya. A makaranta ɗaya an koyar da darussa 18 cikin wata 6 a kan rage kallo. Yara suka yi kwana 10 babu talabijin, daga nan suka sa wa kansu iyakar awa 7 a mako. Ba a ce musu su canza abinci ba. Duk da haka cin abinci a gaban talabijin ya ragu, ƙibarsu kuma ba ta hau kamar ta yaran ɗaya makarantar ba. A shekarar 2008 Leonard Epstein ya bi yara 70 'yan shekara 4 zuwa 7 har shekara 2, aka rage wa rabinsu kallo. Mutum zai zaci amfanin daga guje-guje zai fito. Da aka auna, sai aka ga motsa jikinsu bai canza sosai ba, abin da suke ci ne ya canza.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni. Jariri da ɗan shekara 1, kada a zaunar da su gaban allo. 'Yan shekara 2 zuwa 4, kada ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma a shekarar 2016 ta shawarci iyaye su keɓe lokacin cin abinci babu waya babu talabijin, su kuma kashe allo awa 1 kafin barci. Ta ware kiran bidiyo, don haka in baba yana ci-rani ya kira ya ga ɗansa, babu laifi. A dai bari a gama cin abinci tukuna.

Yadda za a raba yaro da cin waya

Mun san awa 1 tana da wuyar kiyayewa a gidan da ɗaki ɗaya ne, talabijin ɗaya, mutum 8. Shi ya sa muke cewa a fara da abu guda: lokacin ci, allo a kashe. Na kowa da kowa, har da na baba. Yaro ba zai yarda a hana shi abin da yake gani a hannun mai hana shi ba. In wutar da aka daɗe ana jira ta zo daidai lokacin tuwo, a sa waya a caji, a fitar da kwano tsakar gida.

Wanda ya riga ya saba zai yi tawaye, gara mu faɗa tun yanzu. Zai yi kuka, zai ture kwano, ci zai ragu na 'yan kwanaki. A nan ne yawancin iyaye suke karaya. Yaro mai lafiya, wanda awonsa yake hawa daidai, ba zai cutu ba domin ya rage cin rana ɗaya. A ajiye abincin a gabansa, a zauna tare da shi ana ci ana hira. In an yi kamar minti 20 zuwa 30 bai ci ba, a ɗauke ba faɗa ba duka, a sake kawowa bayan awa 2 ko 3. A tsakani a ba shi ruwa, da nono in yana sha, amma ban da lemo da biskit, in ba haka ba yunwar da muke jira ba za ta zo ba. Wasu iyaye sun fi jin sauƙin farawa da ci ɗaya a yini, wanda yaro ya fi jin yunwa, sannan su ƙara. Wannan ma hanya ce. Abin da ba ya aiki shi ne a hana yau, gobe a bayar domin baƙi sun zo.

A ba ƙaramin yaro kwanonsa dabam, ko da yana zaune cikin 'yan'uwansa, domin uwa ta ga abin da ya ci da idonta. A bar shi ya sa hannu, a wanke masa da sabulu tukuna. Kada kuma a mai da wayar lada, a ce "cinye in ba ka katun". Yin haka yana koya masa cewa abinci wahala ce da ake sha kafin a kai ga daɗi. A sanar da kaka, da 'yar reno, da yayyen da ake bar musu shi in an tafi gona, domin sau da yawa a hannunsu ne wayar take fitowa.

Wannan shawara ta yaro mai lafiya ce. In yaro ya riga ya rame, ko awonsa ya tsaya wata biyu, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, kada a tsaya gwajin haƙuri da shi, a kai shi asibiti. Ma'aikaciyar lafiya za ta auna damtsensa da ɗan tef mai launi. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5 ga ɗan wata 6 zuwa 59, tamowa ce mai tsanani kuma tana da magani. Haka nan yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, ko yake amayar da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya saki, a tafi da shi a ranar. Rashin ci yana iya zama tsutsar ciki, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro, kuma kashe waya ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Kada a sayi maganin sa cin abinci a kemis sai ma'aikacin lafiya ya duba yaron.

Ga masu nazarin wannan darasi a ƙungiya, ga aikin da za a tafi da shi gida. Kowa ya sami takarda ya ja layi 7, na kwana 7. Duk lokacin da ƙaramin yaron gidan ya ci abinci, a rubuta ko allo yana kunne ko a kashe, wa ya zauna da shi, kuma me ya rage a kwanonsa. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata. A zo da takardar taro na gaba, tare da katin awon yaron.